Fita Hawan Dutse da 'Yan Sikawut Daga Kaduna: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara, ruwa na ɗaukewa yara za su fara tambayata yaushe za a fita. Iyaye kuma sai su biyo baya da nasu tambayoyin, wasu ta waya, wasu a ƙofar makaranta ranar Asabar bayan fareti. Na ga kusan tambayoyin iri ɗaya ne suke dawowa, shi ya sa na tattara su wuri guda domin iyaye da kuma matasan shugabannin da za su jagoranci fita karon farko. Irin fitar da nake nufi ita ce wadda yaro zai goya kayansa da abincinsa da ruwansa a baya, ya hau dutse da ƙafarsa, ya kwana a can.

Malam, da wannan hali na rashin tsaro, ba ganganci ba ne a kwashi yara a kai su daji su kwana?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma uban da ya yi ta yana da gaskiya. Mu a Kaduna ba labari aka ba mu ba. Mun ga abin da ya faru da ɗalibai a Afaka a 2021, mun ga na Kuriga a watan Maris na 2024. Duk shugaban da ya ce wa iyaye "ku kwantar da hankalinku, ba komai" ba tare da ya nuna musu abin da ya taka ba, bai kamata a danƙa masa ɗan kowa ba.

Ga yadda muke yi. Kafin a sa rana, manya biyu daga cikinmu sukan je wurin da kansu, su bi hanyar da yaran za su bi, su ga inda za a kwana. Sukan fara da gaisuwa wajen mai unguwa ko dagaci, su kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, su zauna da 'yan banga da mafarauta, domin su ne suka san wanda ya ratsa dajin jiya da wanda ya ratsa shekaranjiya. Ana saura kwana uku a sake kira, a jajibirin tafiya a sake kira. Idan mutanen gari suka ce a dakata, ko da muryarsu ce kawai ta nuna shakka, an fasa ke nan. Ba ruwanmu da cewa an riga an biya kuɗin mota ko yara za su yi kuka.

Akwai wuraren da ba ma sa su cikin lissafi ma a yanzu, irin su dazukan Birnin Gwari, duk da cewa gandun dajin Kamuku yana can. Ba ma tafiyar dare a kan hanya. Ba ma yaɗa rana da wurin da za mu a Facebook ko a zaurukan WhatsApp masu jama'a da yawa, hotuna ma sai an dawo gida ake sakawa. Kuma inda za a kafa sansani ya zama kusa da mutane, yadda in an yi ihu za a ji.

In shekara ta zo da hali marar kyau, sai a yi hawan yini, a kwana a harabar wata makaranta a cikin gari. Mun taɓa yin haka, kuma yaran sun ƙaru ƙwarai.

To wane dutse za a hau?

Ya danganta da ƙwarin yaran da kuma abin da masu binciken hanya suka dawo da shi.

Rukunin da bai taɓa hawa ba, ina ba da shawarar Dutsen Kufena da ke Zariya, wajen Wusasa. Daga Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne, ana iya fita da sassafe a hau a sauko a dawo gida kafin magariba. Ga tarihi kuma a wurin, domin akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayen dutsen, yara za su ga abin da suke karantawa game da Zazzau da idonsu. Kufena ba wurin gwada jarumta ba ne, wuri ne na gwada jaka da takalmi, da gane wane yaro ne yake saurin gajiya amma ba ya faɗa.

Waɗanda suka ƙware kaɗan, burinsu duwatsun Kagoro ne a ƙaramar hukumar Kaura, kusa da Kafanchan. Tsayinsu ya haura mita 1,200 daga matakin teku (ba daga gindin dutsen ba, a lura, don yara sukan ruɗe da wannan lissafin). Hanyar mota takan bi ta Kujama da Kachia da Zonkwa, tafiya ce mai cin rabin yini, kuma ita kanta hanyar sai an bincika lafiyarta kamar yadda ake bincika ta dutsen. Abin da nake so shugabanni su riƙe game da Kagoro shi ne dutsen yana da masu shi. Akwai mutanen da gonakinsu da gidajensu suke can sama, akwai wuraren da al'adar gari ta keɓe ba a shiga. Don haka ana neman izini, ana ɗaukar ɗan jagora daga cikin 'yan garin a biya shi hakkinsa. Da ɗan gari akan ci gari. Idan lokaci ya ba da dama, magangarar ruwa ta Matsirga ba ta da nisa daga Kafanchan, amma kallo kawai, ba ma barin yaro ya shiga ruwan.

Sai duwatsun Shere a Jos, masu tsayin sama da mita 1,800, inda akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta horar da matasa shugabanci da juriya. Amfanin zuwa can shi ne akwai ƙwararrun masu koyarwa. Yaran da suka ji labarin Chappal Waddi a jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya da mita 2,419, sukan ce can suke so. Wannan tafiya ce ta kwanaki, ta manyan matasa da suka sha hawa, ba ta 'yan sakandare ba.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, kuma hutun Disamba shi ya fi sauƙi ga 'yan makaranta. Da damina dutse yakan yi gansakuka da santsi, ciyawa ta rufe hanya, ƙaramin rafin da aka tsallake da safe ya cika ya tumbatsa da yamma, ga haɗarin tsawa a kan tudu. Maris da Afrilu kuwa zafi ne mai kayar da babba balle yaro, kuma maɓuɓɓugai da yawa sun ƙafe.

Hunturu ma yana da nasa. Hazo yakan rufe gari har a kasa hango alamar da aka sa ido a kai. Lokacin ne kuma ake cinna wa daji wuta, don haka ba a kafa tanti cikin busasshiyar ciyawa. Mai son Kagoro ya tuna ranar 1 ga Janairu ake bikin Afan, garin yakan cika maƙil, mota da masauki su yi wuya. Ba ma sa fita cikin azumi, ba ma sa ta ranar Kirsimeti.

Daga shekara nawa ake ɗaukar yaro? Kuma manya nawa ke binsu?

Hawan yini daga shekara 11, fitar kwana daga 13, kuma sai wanda ya halarci atisayen da muke yi na makonni shida kafin tafiya. Tun sansanin farko da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907 aka gina sikawut a kan ƙananan rukunoni, kuma haka aka ci gaba tun zuwanta Najeriya a 1915. Mukan raba yara shida zuwa takwas a rukuni, kowane da shugabansa daga cikinsu, kowane kuma da babba guda a tare da shi. Ko yaran ba su da yawa, manya ba sa gaza uku: in wani ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako, ɗaya ya riƙe sauran. Aƙalla ɗaya ya zama ya yi horon agajin gaggawa.

'Yan mata suna zuwa, amma da shugabanninsu mata da wurin kwanansu daban. Kuma doka ce a wurinmu, babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, namiji ne ko mace.

Ɗana yana da sikila. Zai iya zuwa?

Hajiya, wannan ba ni zan yanke ba, likitansa ne, kuma a rubuce. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala mai tsanani suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma duk ukun suna kan dutse. Mai asma ma ƙurar hunturu tana tayar masa, dole abin shaƙarsa ya kasance a aljihunsa, ba a ƙasan jaka ba. Roƙona ga iyaye shi ne kada a ɓoye mana komai a takardar izini, ko farfaɗiya ce, ko fitsarin kwance, ko wani abinci da jikin yaro ba ya so. Sirri ne tsakaninmu. Yaron da likita ya hana shi hawa muna ba shi aiki a sansanin ƙasa, ya riƙe rajista da akwatin magani, ba a barinsa a gida.

Sai na saya masa jaka da takalmi na kanti?

A'a. Ku je Kasuwar Barci, za ku samu jakar goyo ta gwanjo mai kyau. Ku duba wadda take da maɗauri a ƙugu, domin shi ke sauke nauyi daga kafaɗa, sannan ku ja zif ɗin ku duba ɗinkin hannayen. In ya fara saki, mai gyaran takalmi zai ƙara masa zare.

Takalmi kuwa tsoho ya fi sabo. Akwai shekarar da wani yaro ya zo da sabon kambas fari tas, mahaifinsa ya saya masa daren tafiya saboda ƙauna. Ba mu yi awa biyu ba na ga yana ɗingishi yana cije leɓe. Da muka zaunar da shi muka zare safar, dunduniyarsa duka biyu sun yi bororo, ɗaya ya riga ya fashe, safar ta manne da fatar. Sai da muka jiƙa ta da ruwa kafin ta fita. Yaron nan bai yi kuka don zafi ba, sai da ya ga 'yan rukuninsa suna raba kayansa a jakunkunansu sannan hawaye ya zubo masa. Tun daga ranar muka ce duk takalmin da za a hau dutse da shi, sai an yi atisayen makonni shida da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Silifa na zaman sansani ne kawai, safa kuma ƙafa uku, masu kauri.

Nauyin kaya fa?

Kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin yaron. Mai kilo 40, jakarsa kilo 8 ke nan, kuma a tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ana saura mako guda mukan kawo sikeli filin makaranta, kowa ya zazzage jakarsa a kan tabarma. A nan ake ganin abin mamaki: kwalbar turare, kaya kala biyar, kular abinci da uwa ta cusa. Mun san ƙauna ce, amma bayan yaron ne zai biya.

Abin da ba a bari shi ne bargo, rigar sanyi da hular sanyi, kayan canji kala ɗaya, tocila da batir, usur, kwano da cokali, sabulu, man shafawa saboda tsagewar leɓe da ƙafa, da babbar leda da za a sa kayan a ciki. Tukunya da risho da igiya da tamfol na rukuni ne, ana raba su gwargwadon ƙarfi.

Ina za su samu ruwan sha?

Kowane yaro ya tashi da lita uku, kuma masu binciken hanya sun riga sun ga inda za a ƙara. In ba a tabbatar da ruwa a sama ba, ba a kwana a sama. Ruwan rafi komai haskensa sai an tace da ƙyalle mai tsabta an tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa irin WaterGuard yadda aka rubuta a jikin robar.

Matsalar hunturu ita ce yaro ba ya jin ƙishi alhali jikinsa yana bushewa. Shi ya sa duk bayan rabin awa ake busa usur kowa ya kurɓa, yana so ko ba ya so. Wanda ya fara ciwon kai ko jiri ko gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari. Muna tafiya da na leda, in ya ƙare a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Me za su ci?

Abincinmu na gida ya fi komai dacewa da irin wannan tafiya, don kakanninmu fatake da shi suka ratsa ƙasashe. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, dabino, gyaɗa, aya, dakuwa, kilishi ko dambun nama. Da safe shayi da burodi, da dare taliya ko dafa-duka. Yaran ne ke tsara abincin, su je kasuwa da lissafinsu, su dafa da hannunsu. Shinkafar takan caɓe a karon farko, kuma ba ma karɓe musu muciya.

Sanyi ake yi sosai a can sama? Kuna da tanti?

Ana yi. Duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6, ga iska ba abin da ke tare ta. A Jos daren hunturu yakan sauka ƙasa da digiri 10. Tanti muna da kaɗan, sauran tamfol ne da igiya da sanduna, wanda ɗaura shi ma darasi ne. Abin da mutane ke mantawa shi ne sanyin da ke tasowa daga ƙasa, don haka a shimfiɗa leda, a ɗora tabarma ko kwali kafin bargo. Ba a kunna gawayi ko risho a cikin tanti ko kusa da bakinsa, hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci.

Idan maciji ya sari yaro fa?

Allah ya kiyaye, amma dole a yi maganarsa. A yankinmu akwai kububuwa da kasa da gamsheƙa, kuma son ramukan duwatsu da ƙarƙashin busasshen ganye suke yi. Muna koya wa yara kada su zura hannu inda ido bai gani ba, kada su fita da dare ba tocila ba takalmi, su kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama.

In ta faru, a kwantar da yaron, a cire zobe ko agogo ko duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau, ba a ɓata lokaci wajen neman macijin. Na san da yawa daga cikinmu mun taso da wasu hanyoyin, amma abin da ke ceton rai shi ne allurar kashe dafi a asibiti. Saboda haka tun kafin tafiya muke zuwa babban asibitin da ya fi kusa mu tambaya ko suna da ita, kuma motarmu da direbanta suna kwana a gindin dutse.

Salla da ibada fa?

Rukuninmu kamar Kaduna yake, akwai Musulmi akwai Kirista, kuma jadawalin tafiya yana girmama kowa. Ana tsayawa lokacin salla, alƙibla kuma yaran ke nemo ta da kamfas. Tafiya irin ta Kagoro ko Jos ta kai nisan ƙasaru, kuma inda ruwa ya yi ƙaranci akwai taimama, mukan gayyato malami ya yi musu bayani kafin a tashi. In fitar ta haɗa da Lahadi, ana ware lokaci da safe Kiristoci su yi sujada. Na sha ganin masu salla suna sahu, 'yan uwansu na gefe suna gadin kaya da tukunya, da safiyar Lahadi kuma a juya.

Zai tafi da waya?

Yara ba sa riƙe waya. Manya ne ke riƙewa, da layuka na kamfanoni daban-daban da batirin ajiya, don sabis yana ɗaukewa a bayan dutse. Akwai mutum ɗaya da muke bari a Kaduna da sunayen yara da lambobin iyaye da taswirar hanya. Mukan kira shi safe da rana da yamma, shi kuma ya sanar da iyaye. In lokacin kira ya wuce da awa biyu bai ji mu ba, ya san waɗanda zai kira, har da lambar gaggawa ta 112.

Yaro zai iya ɓata?

Ana tafiya babba a gaba, babba a baya, wanda ya fi kowa rauni shi ke bin na gaba, kuma da saurinsa ake tafiya. Duk inda aka tsaya sai an ƙirga. Ko bayan gida za a zaga, biyu-biyu ake zuwa. Wanda ya ga ba ya ganin kowa, ya tsaya cak inda yake, ya busa usur sau uku, ya saurara, ya sake.

Nawa za a kashe?

Ba na faɗin adadi sai an je tasha an ji kuɗin mota na lokacin, don shi ne ke cinye mafi yawa. Sai abinci, da hakkin ɗan jagora, da magunguna, da wani abu da ake warewa don larura. Yara sukan fara zubi tun farkon zango. Wanda gidansu ba hali, ana rufa masa asiri daga asusun ƙungiya ba tare da 'yan uwansa sun sani ba. Bayan an dawo ana karanta wa iyaye lissafi har na ƙwandala.

Ta yaya kuke sanin za ku kai ƙololuwa ku dawo kafin dare?

Akwai tsohon ma'aunin masu hawan dutse: awa ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan na babba ne marar kaya. Da yara masu goyon jaka, ni nakan ƙara rabin abin da ya fito, sannan na sa lokacin hutu da salla da cin abinci. Yaran ne ke yin lissafin a kan taswira, mu duba.

A Disamba rana tana faɗuwa ƙarfe 6 da 'yan mintuna, kuma muna so ƙarfe 4 ta same mu a inda za mu kwana, don a kafa tanti a ɗebo ruwa a dafa abinci da sauran haske. Daga nan ake lissafowa baya a fitar da lokacin juyawa, wato lokacin da in ya yi, ko ina aka kai, za a juyo. Ana faɗa wa kowa tun a gindin dutse, shugabannin rukuni su rubuta a bayan hannunsu da biro.

Akwai fitar da lokacin ya cika muna hango ƙololuwar, bai fi tafiyar minti 40 ba. Wani yaro ya yi targaɗe da safe, ya ja mana jinkiri. Shugaban rukunin gaba, ɗan shekara 15, ya dubi hannunsa, ya dubi saman dutsen, ya daɗe bai ce komai ba. Na yi shiru ina jiransa, ga sauran suna ta cewa "Malam, saura kaɗan fa." Can sai ya sa usur a baki ya busa na juyawa. Mun iso sansani ƙarfe 4 da kwata, mai targaɗen yana tsakiya, biyu na riƙe da shi, jakarsa a bayan shugaban rukunin.